Na Rantse a Kan Ƙarya Don In Ɓoye Yaro, Yanzu Barci Ya Ƙaurace Mini

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata baiwar Allah mai sayar da abinci a yankin Agege, Legas. Na taƙaita ta, na kuma cire sunayen da ta ambata.

"Assalamu alaikum Malama. Shekarata 11 ina sayar da tuwo da shinkafa da wake a bakin tasha. Akwai 'yan agbero da ke karɓar kuɗin tikiti a wurinmu kullum da sunan wani oga da kowa ke tsoro. Mako uku da suka wuce suka lakaɗa wa wani tsoho mai turin ruwa duka a gabana don ya ce bai yi ciniki ba, har haƙoransa biyu suka fita. Wani yaro ɗan dako da ke cin abinci a wurina ya ɗauka a waya, abin ya bazu. Washegari da la'asar ya faɗo rumfata a guje, na tura shi bayan buhunan gawayi na rufa masa tabarma. Su biyar suka zo, ɗaya da adda a cikin riga, suka ce in rantse. Na ce wallahi tun jiya ya hau tirela ya yi Arewa. Suka tafi, da dare maigidana ya fitar da shi. Malama, tunda nake ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba. Maƙwabciyata ta ce irin wannan rantsuwar ce ke nutsar da mutum a wuta. Yanzu kuma manyan unguwa sun kai ƙara, suna so in ce na ga ogan da idona yana ba da umarnin dukan, alhali ba ya wurin. Sun ce tunda na yi ƙarya sau ɗaya don taimako, wannan ma taimako ne. Maigidana kuwa ya ce in ce ban ga komai ba, 'ya'yanmu huɗu kuma haya muke yi. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da wannan tashin hankali. Allah ya ba tsohon lafiya, ya tsare yaron a inda yake.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa: kina tsaye da ludayi a hannu, ƙarti biyar a gabanki, yaro a bayanki ya danne numfashi cikin ƙurar gawayi, tari ɗaya ya isa ya tona shi. Babu malamin da za ki tambaya, babu ƙofar baya. Bari in fara ba ki amsa kafin hujja, don ki samu ki runtsa yau. Abin da kika yi ranar nan daidai ne. Da kin nuna musu bayan buhunan, da shi ne abin da za ki kwana kina kuka a kansa har ƙarshen rayuwarki.

Maƙwabciyarki ba ƙirƙirar magana ta yi ba. Akwai rantsuwar da malamai ke kira gamusu, wato mutum ya rantse da Allah a kan abin da ya wuce yana sane ƙarya yake yi, kuma tana cikin manyan zunubai. Sai dai ta ɗauko hukuncin ta ajiye shi a inda ba muhallinsa ba. Rantsuwar da aka yi wa wannan narko ita ce wadda ake cin haƙƙin wani da ita, a rantse a ƙwace gona, a rantse a cinye bashi, a rantse wa mai saye cewa kayan na ƙwarai ne alhali ruɓaɓɓu ne. Ke haƙƙin wa kika ci? Mutanen nan ba su da haƙƙin sanin inda yaron yake. Ba alƙali ne ya aiko su ba, adda kuma ba sammaci ba ce.

Magabata sun riga sun yi magana a kan irin halinki ɗin nan, kamar suna tsaye a rumfarki. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya ware babi guda a Riyadus Salihin kan ƙaryar da ta halatta, kuma misalin da ya kawo shi ne naki: idan Musulmi ya ɓuya daga azzalumin da ke son kashe shi, aka tambayi wani inda yake, to wajibi ne a kansa ya ɓoye shi ko da ta hanyar ƙarya ce. Ki lura da kalmar, wajibi ya ce. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, Muhtasar na Shehu Halil da ake karantarwa a zaurukanmu ya kawo mas'alar wanda aka tsare a kan ran wani da ba danginsa ba, ya ce ana umartarsa ya rantse domin wancan ya kuɓuta.

Akwai wata ƙissa a littafin Abu Dawuda da nake so ki riƙe. Suwaidu ɗan Hanzala ya fito cikin ayari za su wurin Manzon Allah (SAW), tare da su akwai Wa'ilu ɗan Hujru. A hanya wani maƙiyin Wa'ilu ya cafke shi. Sauran mutanen suka ji nauyin rantsuwa, suka yi cirko-cirko. Suwaidu ya rantse cewa Wa'ilu ɗan'uwansa ne, aka sake shi. Da suka isa ya ba da labari, Annabi ya ce masa ya yi gaskiya, Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne. Waɗanda suka tsaya tsantsenin baki suna kallo ana shirin tafiya da mutum ba su ne aka yaba ba.

Za ki ga a cikin maganar Suwaidu akwai mafaka: ya ce ɗan'uwa yana nufin 'yan'uwantakar addini, mai kamun ya fahimci ta jini. Wannan ita ce tauriyya, magana mai harshen damo, ka faɗi abin da yake gaskiya a zuciyarka mai sauraro ya fahimci wani abu dabam. Sayyidina Abubakar ya yi irinta a hanyar Hijira, da ake tambayarsa wane ne wannan da ke tare da shi, yana cewa mutum ne mai nuna masa hanya. Malamai sun ce ita ta fi in an samu dama. Da kin ce "ku duba da idonku, kun gan shi a nan?" wataƙila da ta yi, wataƙila kuma da sun duba ɗin. Kada ki zauna kina tsara amsoshin da ya kamata ki bayar, wanda mai adda ke tsaye a gabansa ba ya zaɓen kalmomi kamar mai zaɓen tumatir. Nawawi da kansa ya ce wanda bai yi tauriyya ba a irin wannan hali, ya faɗi ƙaryar kai tsaye, bai aikata haramun ba.

Saura batun kaffara, tunda kin ambaci sunan Allah. Malamai sun saɓa a kai, wasu sun ce wanda aka tilasta babu komai a kansa, wasu sun ce yana da ladar ceton rai amma ya yi kaffara don girman sunan da ya kama. Ni ina ba ki shawara ki yi, domin a wurinki abu ne mai sauƙi kuma zai kwantar miki da zuciya. Aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta ce a ciyar da miskinai goma daga matsakaicin abin da ake ciyar da iyali, ko a tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ke da tukunya sana'arki ce. Mutum goma mabuƙata, ki ba su na rana da na dare su ƙoshi, shi ke nan.

Wannan ƙuncin da kike ji kuwa, ban so ki kore shi gaba ɗaya. Shekara da shekaru kina auna shinkafa a faranti ba ki taɓa rantse wa mai saye a kan ƙarya ba, shi ya sa ta farko ta tsaya miki a maƙogwaro. Mutanen da suka zo neman yaron sun rantse sau nawa a ranar, kuma wa ya hana su barci?

To, sai maganar manyan unguwa, kuma a nan zan ɗan tsananta. Na san niyyarsu. Sun gaji, shekaru ana tatsar masu shayi da masu faskare da 'yan acaɓa, yau sun ga dama ta samu, suna tsoron a kama ƙananan yara a bar uban tafiyar yana yawo. Ni ma da za a bi son raina, ogan nan zan fi so a fara kamawa. Amma abin da suke nema a wurinki sunansa shaidar zur, kuma kada ki yi.

Hujjarsu cewa kin riga kin yi sau ɗaya ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wanda yunwa za ta kashe a daji an halatta masa cin mushe, amma ayar da ta halatta ta ɗaure shi da sharaɗi, kada ya zama mai nema don sha'awa kuma kada ya wuce iyaka. Ba a ce ya yanki sauran ya kawo kasuwa ba. Ranar nan kalmarki ta tare adda daga wuyan yaro, kuma babu wata hanya. Yanzu ana so kalmarki ta ɗora wa wani mutum abin da idonki bai gani ba, a gaban alƙalin da yake da haƙƙin jin gaskiya daga bakinki. Hadisi a Sahihu Muslim ya ce rantsuwa tana kan niyyar wanda ya sa a rantse, don haka a kotu ko harshen damo ba ya aiki. Ki tuna kuma ranar da Annabi (SAW) yake lissafa manyan zunubai yana kishingiɗe, ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune yana ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. Bai keɓe azzalumi ya ce shi a yi masa ba. Allah ma ya faɗa a Suratul Ma'ida, aya ta 8, cewa kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci.

Ko a ajiye lahira gefe, ki duba yadda za ta kaya a kotu. Ogan nan yana da kuɗin ɗaukar lauya mai kaifi. Lauyan zai tambaye ki wace riga ya sa, a ina ya tsaya, da wane yare ya yi magana, ƙarfe nawa. Sannan ya fito da shaidar cewa mutuminsa yana wani wurin biki a lokacin, da hotuna. Daga nan duk abin da kika faɗa ya zube, har da gaskiyar da kika gani da idonki, kuma hoton da yaron ya sayar da ransa ya ɗauka ya rasa mai tsaya masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙarya bayan rantsuwa a kotu kuma laifi ce a dokar ƙasa, kina iya shiga a matsayin shaida ki fito ke ake tuhuma.

Gaskiyar da ke hannunki ba kaɗan ba ce, manyan ne suka raina ta. Kin ga dukan. Kin san fuskokin masu dukan. Shekara nawa suna miƙo hannu a rumfarki kullum, kin san nawa suke karɓa, kin ji da kunnenki da sunan wa suke karɓa. Kin ga mutum biyar sun zo da adda neman wanda ya ɗauki hoto. Idan masu abinci da masu shayi goma suka faɗi irin wannan, kowa iya abin da ya gani, igiyar da kanta za ta kai inda manyan ke so ta kai. Ki gaya musu haka cikin ladabi: "Baba, duk abin da na gani zan faɗa ko a gaban wa, wanda ban gani ba ku yafe mini."

Maigidanki kuwa, kada ki ɗauke shi matsoraci. Mutumin da ya fitar da yaron cikin dare ya riga ya nuna ko shi wane ne. Lissafi yake yi irin na uba: ɗakin haya, yara huɗu da ke bin hanyar tasha zuwa makaranta, garin da ba namu ba. Addini bai raina wannan lissafin ba. Ammaru ɗan Yasir ya ga an kashe mahaifiyarsa Sumayya da mahaifinsa a kan imani, shi kuma da azaba ta yi tsanani ya furta abin da mushirikai ke so, ya zo yana kuka. Annabi ya tambaye shi yadda ya ji zuciyarsa, ya ce a natse take da imani, aka saukar da aya ta 106 a Suratun Nahli. Gida ɗaya, iyaye suka dake har mutuwa, ɗa ya karɓi rangwame, kuma dukkansu Allah ya karɓe su. Don haka ba zan ce miki dole ki kai kanki ga halaka ba.

Amma akwai bambanci tsakanin yin shiru da cewa "ban ga komai ba". Ta biyun ƙarya ce, kuma a wannan karon ogan za ta kare, tsohon mai ruwa za ta kayar. Idan tsoro ya yi yawa har ba za ki iya tsayawa ba, ki ce ba za ki iya magana ba yanzu, kada ki ƙaryata idonki.

Ni dai fatana ki tsaya. Mutumin nan na gidan Fir'auna da Suratu Gafir ta ba da labarinsa ya daɗe yana ɓoye imaninsa a cikin fada, ba a zarge shi a kan ɓoyewar ba, amma ranar da aka ce za a kashe Annabi Musa sai ya buɗe baki a gaban kowa ya ce, za ku kashe mutum don ya ce Ubangijina Allah ne? Ya san lokacin ɓuya, ya san lokacin fitowa. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa an yi masa bulala a Madina zamanin Halifa Mansur har kafaɗarsa ta goce, don ya ƙi janye fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba saki ba ne, wadda mahukunta suka ga tana warware mubaya'ar dole. A nan gida ma, a watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, tsoho mai shekara 83, ya ɓoye maƙwabtansa da suka gudo daga hari, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa. Mutum 262 aka lissafa lokacin da aka karrama shi a Amurka a 2019. Ya tsaya a waje gaban masu makamai ya ƙi miƙa ko mutum ɗaya. Na kawo shi ne don ki san cewa ran da ake tarewa ba a tambayar addininsa ko yarensa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ke ba ni tsoro a duk rikicin tasha a Legas. Kada ku bari a mayar da maganar nan ta Hausawa da Yarabawa. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Mile 12 a watan Maris na 2016, rigimar da ta faro daga ɗan acaɓa ta zama faɗan ƙabilanci, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya, gwamnati ta rufe kasuwar. Iyar da ke sayar da barkono kusa da ke ita ma tikitin nan take biya, kuma na tabbata ta ga yaron ya shige rumfarki ta yi shiru. Ku neme ta, ku nemi irinta. Ƙarar da ke ɗauke da sunayen Hausawa da Yarabawa da Inyamurai ta fi wuyar dannewa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Kada ki taka ofishin 'yan sanda ke kaɗai, kuma kada ki je kafin ki ga lauya. Jihar Legas tana da ofishin lauyoyin talakawa da aka kafa a shekarar 2000 da sunan OPD, aikinsu kyauta ne, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ku sa fadar Sarkin Hausawa a cikin maganar tun daga farko don a san ba ku kaɗai ba ne. Ki faɗa wa lauyan komai, har da ɓoye yaron da rantsuwar da kika yi wa masu addar, gara ya ji daga bakinki. Ki gaya masa tsoronku ƙarara, ki tambaye shi abin da za a iya yi don kare shaidu. In za a rubuta bayaninki, ki yi da Hausa a samo tafinta, a karanta miki daga farko har ƙarshe kafin ki sa hannu ko ki dangwala. Hoton nan kuma a ajiye shi a wayoyi da yawa. Yaran, in da hali, su koma wurin 'yan'uwa a wata unguwa na ɗan lokaci.

Mai yiwuwa ne ogan ya juya ƙara ya ce yaron ɓarawo ne. In hukuma ta zo da takarda tana nemansa, hukuncin ya canza, ba za ki yi musu irin amsar da kika yi wa masu adda ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, don haka ba a da ikon tsare ki ko maigidanki don yaron ya fito. Lauya ne zai raka shi ya amsa, da rana, a gaban shaidu. Mafaka ta wanda aka zalunta ce, da yaron laifi ya yi wa wani da amsata ta bambanta tun daga layin farko, domin Annabi ya la'anci mai ba wa maɓarnaci mafaka.

Ki zauna da maigidanki bayan isha, yara sun yi barci, ki karanta masa wannan. Kada ki yanke shawara a bayan idonsa, shi ma kada ya yanke a bayan naki. Ku yi istihara, ku ga lauyan tare, sannan ku yanke. In kun ga za ku iya, ki je ki faɗi abin da kika gani tun daga marin farko har zubar haƙoran, da muryar da kike kiran masu saye da ita. Ki rubuto mini yadda ta kaya, ina sa ku a addu'a.

Ranar da za ki ɗora tukunyar kaffara, ki fara zuba wa Baba mai ruwa. Mako uku bai tura kura ba, ya shiga cikin goman. A kai masa har inda yake kwance, ki sa tuwon ya yi laushi, miyar kuma ki rage mata yaji saboda bakin.